Ustaz mai zane da allunan da ba rubutu: nazarin wani lamari daga Wad Madani

A unguwarmu ta Hausawa da ke gefen Wad Madani a ƙasar Sudan, in ka ce "Ustaz" kawai sai an tambaye ka wanne, don malaman makaranta muna da yawa. In ka ce "Ustaz mai zane", ko yaro ƙarami zai kai ka ƙofar gidan. Ba zan faɗi sunansa ba, haka muka yi da shi. Mun daɗe muna koyarwa a makarantar gwamnati ɗaya, ni Larabci, shi zane. Yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi, sauran kuwa shi ya ba ni a kan bencin mai shayi.

Abin da nake so a duba shi ne yadda ya ceci darasin zane a makarantarmu a farkon 2021, lokacin da iyaye suka tsaya kai da fata sai an soke shi, da abin da wannan ceto ya ci masa a aikin hannunsa.

Daga halwa zuwa Khartum

Kamar yawancinmu, hanyar Makka ce ta kawo kakanninsa Sudan. Wasu Hausawa da Fulani sun biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin kogin Bahar Azrak, reshen Nilu, kusa da Sinnar. Wasu sun zo daga baya, bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suna neman hannu. Kakan Ustaz yana cikin na biyun. Ya tsaya ne ya tara guzuri, guzurin bai taru ba har aka haifi 'ya'ya. Mahaifinsa ya zama malamin allo, yana da halwa, wato makarantar allo, a zauren gida, kuma a nan Ustaz ya fara riƙe alƙalami.

Abin da muke kira zayyana, mutanen ƙasar nan sharafa suke ce masa. In almajiri ya kai wani matsayi a karatu, sai a wanke allonsa, a shafe shi da farar ƙasa, a zagaye ayoyin da ado: kusurwoyi, da'irori, sarƙa mai shiga juna, ja da rawaya da kore. Yaro ya ɗauka ya zaga dangi, a sa masa albarka, a ba shi abin da ya sawwaƙa. Tun Ustaz bai kai sauka ba aka gane hannunsa, har malaman wasu halwowi suna aiko masa da allunan ɗalibansu. Ladarsa kuwa dabino ne ko ɗan abin sayen tamiyya, ƙosan mutanen nan.

Da ya gama sakandare ya ce zai shiga Kwalejin Zane ta Khartum, wadda yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha. Mahaifinsa ya amince don ya ɗauka khaɗɗi za a koya masa, wato kyan rubutu. Ustaz bai yi ƙarya ba, ana koyar da khaɗɗi a can. Abin da bai faɗa ba shi ne za a zaunar da mutum a gabansa a ce ya fitar da kamanninsa, ƙashi da tsoka. Ya ce ranar farko hannunsa rawa yake yi, kamar mai satar nama a tukunya.

A kwalejin ya ji labarin da kowane ɗalibin zane a Sudan yake ji, na Ibrahim Salahi. An haife shi a Umdurman a 1930, shi ma ɗan malami ne da ya tashi yana ganin allo. Ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan daga 1954 zuwa 1957, ya dawo da zane irin na Turawa, ya baje kolinsa a Khartum, jama'a suka zo buɗewa, daga nan ba wanda ya sake leƙowa. Sai ya koma yana duba abin da mutane ke ratayewa a ɗakunansu da son ransu: ayoyi, ado, saƙa. Ya shigo da haruffan Larabci cikin zanensa, ya karya su har suka daina karantuwa suka zama siffofi. Shi da Ahmad Shibrain da Kamala Ibrahim Ishak su ne ake ambata in ana maganar salon da ake jinginawa ga Khartum. A farkon shekarun 1960 Salahi ya je Najeriya, an nuna aikinsa a Mbari, zauren marubuta da masu zane da ke Ibadan. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje aikin rayuwarsa kaf, shi ne ɗan Afirka na farko da aka yi wa haka a wurin.

Ustaz ya haddace wannan labari, amma a lokacin bai ɗauke shi nasa ba. Shi fuska yake so. Da ya dawo Madani ya kama koyarwa, da yamma yana rubuta allunan shaguna, yana yi wa lori da raksha, wato keke mai ƙafa uku, ado, har injinan buga bana suka zo suka ƙwace rabin wannan ciniki. Ranar Juma'a kuwa da hutu, zanen kansa yake yi da fentin mai a kan yadi: matan kambo, wato unguwar ma'aikatan gona, suna cirar auduga, masunta a bakin ruwa suna ɗinkin koma, tsohuwa mai tallan ƙuli, mai aski a gindin maina. Duk mutanenmu ne. A ɗaki yake ajiye su, fuska ga bango. Unguwa ta sani, unguwa ta yi kamar ba ta sani ba.

Janairun 2021

Bayan faɗuwar gwamnatin Bashir a 2019 aka kama gyaran manhajar makarantu. A littafin tarihi na aji shida aka sa zanen nan na Mikelanjelo da ke rufin majami'ar Sistin, wanda ke nuna halittar Annabi Adamu. Limamai suka hau mumbari a kansa, ƙasa ta ɗauka. A Janairun 2021 Firayim Minista Abdalla Hamdok ya dakatar da sabuwar manhajar, shugaban cibiyar manhajoji, Umar al-Ƙarai, ya ajiye aiki.

Ustaz ba shi da hannu a littafin, ba ma darasinsa ba ne. Amma a unguwa shi kaɗai ne mutumin da aka san yana da alaƙa da sura, wato zanen abu mai rai, sai ya zama laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwa, kowa ya sami inda zai sauke fushinsa. Wani uba ya yaga littafin zanen 'yarsa don ya ga ta zana akuya. Yara suka fara zuwa aji ba fensir. Shugaban makaranta, mutum mai gudun fitina, ya kira ni gefe ya ce yana tunanin ya ba lissafi sa'ar zane a hankali, ba tare da an sanar ba. Na faɗa wa Ustaz. Shi ya nemi a kira majalisar iyaye, abin da na ɗauka a lokacin ganganci ne.

An zauna a ƙarƙashin rumfar makaranta bayan la'asar. Limamin unguwa ya zo, dattijo ne da ya yi zama da mahaifin Ustaz. Aka yi ta magana, wasu da Hausa wasu da Larabci, kamar yadda muka saba. Da aka ba Ustaz dama sai ya kwance wani ƙunshi, ya fito da tsohon allo mai zayyana, ya durƙusa ya miƙa wa Liman.

"Allah gafarta Malam, ka gane wannan?"

Liman ya juya shi, ya yi murmushi. Allon saukar babban ɗansa ne. "Na gane shi mana. Kai ka yi masa ado, kana ɗan yaro."

"To, Baba, abin da nake koya wa yaran nan ke nan. Layi, awo, launi."

"A'a, ɗana, kada ka yi mini wayon 'yan boko. Zayyana daban, sura daban. Ka sani, na sani."

Na ɗauka an gama da shi. Sai ga shi Liman da kansa ya buɗe ƙofar. Ya kawo hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, na mutumin da ya zo wa Ibn Abbas ya ce da yin sura yake ci, Ibn Abbas ya gargaɗe shi, sannan ya ce in ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Liman ya ce shi bai ga dalilin da zai fi Ibn Abbas tsanani ba. A nan aka tsaya: darasi zai ci gaba, amma ba mutum, ba dabba, ba tsuntsu. Ustaz ya ce ya ji ya karɓa. Aka shafa fatiha.

Kafin a tashi wata uwa daga bayan rumfa ta ɗaga murya ta ce duk wannan ta ji, amma wa zai sayi kalar? Dariya aka yi, alhali ita ce ta taɓo inda ke ciwo. A fahimtata, cikin waɗanda suka zo, masu damuwa da hukuncin sura tsakani da Allah ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran gajiya suka yi da sayen kwalin kala da littafi mai faɗi don darasin da ba su ga inda yake kai yaro ba. Zane yana cikin darussan zaɓi a jarrabawar sakandare, amma uban da ke aikin hawashar wani, wato gonar wani a Jazira, ba zane yake mafarki ba, likita yake so ko injiniya. Rigimar littafin tarihi ta ba su kalmar da ba a musu da ita, suka riƙe. Wata ɗaya bayan zaman, a Fabrairu, gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa wajen 375 a kan dala ɗaya a farashin hukuma. Duk abin da ake shigowa da shi, har fenti da takarda, ya ƙara nisa da talaka, albashinmu kuwa ya koma abin kunya.

Abin da ya yi da sharaɗin

Nan ne Ustaz ya burge ni. Ya ce daga yau ba wanda zai sayi komai. Darasin farko bayan zaman, tukunya ya sa aka kawo daga gidan maigadi. Yara suka kankare baƙin gindinta, aka jiƙa ƙaro, aka dama, aka tace da tsumma. Tawadar halwa ke nan, wadda a nan ake kira amar. Ya tsaya ya gaya musu ƙaron nan na ɗakwara da suke gani a banza, Sudan ce ta fi kowace ƙasa fitar da shi, kuma shi ne ke riƙe launi a cikin kalar ruwa mai tsada da ake kawowa daga Turai. Wani yaro ya ce, "Ashe namu suke sayar mana, Ustaz?" Ya ce, "Naku ne, an sa masa kwali."

Ja ya fito daga karkade, wato zoɓo, da jar ƙasa, rawaya daga gangamau, ruwan ƙasa daga guntun shayi da jabana, wato gahawa, shuɗi daga bular wanki. Karkade yana da halinsa, yana bushewa sai ya dushe ya koma wani iri, sai yara suka koyi gwada launi a gefe su jira kafin su amince da shi. Alƙalami na kara ne, kowa ya fiƙe nasa. Takarda kuwa buhun siminti da kwali. A nan ya ba su labarin Salahi a kurkukun Kobar, inda aka tsare shi wata shida, daga 1975 zuwa 1976, ba shari'a, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. An hana fursunoni rubutu, sai ya riƙa yanka takardar buhun siminti ƙanana yana zane a ɓoye, in ya ji motsin gandiroba ya binne a yashi. Yara maza sun fi son wannan sashe, har wasu suka fara binne nasu a bayan aji.

'Yan mata ne suka fi cin ribar sabon tsarin, abin da ba wanda ya hango. Su dama suna da ido: zanen lalle, saƙar faifai, ɗinkin hula. Ustaz ya sa kowace ta kawo faifai daga gida ta warware ƙirarsa a takarda, ta ƙirga, ta gano inda ado ke maimaita kansa. Wadda ba ta taɓa buɗe baki a aji ba sai ga ta a gaban allo tana nuna wa maza yadda ake raba da'ira gida takwas da zare da ƙusa. Malamin lissafi, wanda da shi za a ba sa'ar, ya zo ya tsaya a taga yana kallo.

Sai gawo. Akwai wani babba a bakin hawasha bayan makaranta. Larabawan nan haraz suke ce masa, suna da karin magana a kan gabarsa da ruwan sama, don shi kaɗai ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani. Salahi ma ya yi jerin zane a kansa. Ustaz ya kai yara su zana shi sau biyu a shekara, tsirara a Agusta, lulluɓe a Janairu, a takarda ɗaya. Ya hana su zana "itace". Ya ce wannan gawon, mai karyayyen reshe ta gabas, shi za a zana. Iyakar koyarwarsa ke nan in ka tace ta: duba abin da ke gabanka kafin ka zana abin da ke kanka. Ga wanda ya iya duban gawo haka, fuska ba za ta gagare shi ba, kuma na tabbata Liman ya san da wannan.

Ba a sake maganar soke darasi ba. In a nan aka tsaya, sai a ce an rabu lafiya.

Abin da ya fita ta ɗaya ƙofar

Sharaɗin na aji ne. Ba wanda ya ce wa Ustaz komai a kan abin da yake yi a ɗakinsa. Amma a hankali ya daina zanen mutane. Fentin mai ya yi tsada, wannan gaskiya ne. Sai dai ya faɗa mini wani abu da ya fi wannan: ba ya iya tsayawa gaban yara da safe ya ce ban da fuska, ya koma da yamma ya zana fuska. Ya ce ji yake kamar yana cin amanar fatihar da aka shafa.

Ya koma allo. Wani kafinta yana fafe masa su daga icen aduwa, kamar na halwa sak, har da mariƙi. Yana shafe su da farar ƙasa, ya yi aiki da tawadar da yake koya wa yara. Bai taɓa sa aya ba, don ya ce bai san bangon da allon zai ƙare a kai ba. Harafi ɗaya yake ɗauka, nun ko kaf, da irin lanƙwasar rubutun allo na mutanenmu mai kauri, ya ja shi har ya zama kwalekwale, ko reshe, ko ƙofar zaure. Ya fara daga ɗigo guda a tsakiya ya bar shi ya yaɗu. Wani allon sati uku yake ci. A karon farko ya rataye aikinsa a zaure fuska ga jama'a, dattawa suna shigowa suna cewa tubarkalla. Kaɗan sun sayu a Khartum.

Ni ra'ayina biyu ne, kuma ban iya haɗa su ba. Allunan sun fi zanen mutanen kyau, hannunsa a nan ya fi sakewa, kamar wanda ya dawo yaren uwarsa. Amma masu yin harafi a Sudan suna da yawa tun zamanin Usman Waƙi'allah, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan salo. Mai zana matar kambo da kwandon auduga a ka, da tsagen fuskarta, da irin ɗaurin zanenta, ni dai shi kaɗai na sani. Mu mutane ne da har gobe ake tambayarmu daga ina muka zo, ko da kakan kakanka a nan aka binne shi. Da aka yi kashe-kashen jihar Bahar Azrak a Yulin 2022, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kassala da Khartum da wasu garuruwa, na je wurinsa da zafina. Na ce yanzu ne ake bukatar fuskokin nan, a ga cewa muna nan, mun daɗe muna nan.

Ya daɗe bai tanka ba. Can ya ce, "Ustaz, kai nahawu kake koyarwa. Ba ranar da za a tara majalisa a ce a soke nahawu."

Ban sami amsa ba, har yau ban samu ba. Abin da zan iya cewa shi ne an yi ciniki a ƙarƙashin rumfar nan, yara sun ci riba, unguwa ta sami kwanciyar hankali, kuɗin kuwa daga aljihun mutum ɗaya ya fita, kuma ba wanda ya lura ya biya.

Gadarif

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023. Madani ta cika da 'yan gudun hijira, makarantarmu ta koma masauki, karatu ya tsaya. A Disamba yaƙin ya iso mu. Muka fita da abin da hannu zai ɗauka, Ustaz ya kulle ɗakin zanensa ya sa makulli a aljihu. Muka ƙare a Gadarif, a wata makarantar da ita ma ta koma masauki, iyali goma a aji ɗaya, zani ne katanga.

Yara ba abin yi, sai faɗa da kuka. Ustaz ya tara su a gindin bango ya raba musu gawayi. Bai ce su zana komai ba. Suka zana jirgin sama, suka zana mota mai bindiga a baya, suka zana mutane, wasu a tsaye wasu a kwance. Na dube shi, ya dube ni. Bai hana su ba, kuma cikin iyayen da ke zaune a wurin ba wanda ya ce uffan.

Wata tsohuwa daga wani kambo ta ga yana gyara wa yaro hannu, ta matso. Ɗanta ya fita neman mota ranar gudu bai dawo ba, wayar da hotonsa ke ciki an karɓe a hanya. Ta ce, "Ɗan nan, in na faɗa maka kamanninsa za ka iya?" Ya ce, "Inna, sai dai mu gwada." Kwana biyu suna zaune a kan tabarma, tana cewa hancin ya fi haka tsawo, idon bai kai haka girma ba, yana gogewa da yatsa yana sakewa, a bayan kwalin sabulu. Da yammacin rana ta biyu ta daina gyara. Ta karɓa, ta naɗe a gefen mayafi.

Bayan sojoji sun karɓi Madani a Janairun 2025 ya koma duba gida. Makullin da ya adana bai yi amfani ba, ƙofar ma babu. Ko su waye suka zauna a ɗakin, sun cire katakon zanen mutanen sun yi girki da shi, yadin kuwa ya tarar da guntayensa an toshe taga. Allunan suna nan yadda ya jera su, ba wanda ya taɓa. Wani ma an ɗauke shi daga ƙasa an ɗora a kan kanta, ga alama an zaci Alƙur'ani ne a jiki.

Liman ya rasu a gudun hijira. Ranar da muka je gaisuwa na tambayi Ustaz ko sharaɗin yana nan, tunda wanda aka yi da shi ba ya raye. Ya ce ai ba da Liman kaɗai aka shafa ba. Sannan ya tambaye ni ko na san inda ake samun ƙaro da sauƙi yanzu, don wanda ya bari a ɗaki ya narke ya haɗe da kwalba.